Neman Wancan a Bakin Teku

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu kowa ya san yadda abin yake: mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. Sunansa Lawali, amma a bakin Inna shi "wancan" ne. "Wancan ya dawo?" "A ajiye wa wancan tuwo." Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi ta tafi da shi Kurni, bai dawo gidanmu na Matamaye ba sai da gashin baki ya fara tsiro masa. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba. In zai tambaye ta sai ya ce da mu, "Ina tsohuwarku?" Ni kuwa auta ne, sunana Iro, kuma wannan suna Inna kan kira shi a yini har maƙwabta su gaji da ji.

Lawali ya tafi Aljeriya ci-rani, ci-ranin ya zama shekaru. Da farko yakan kira, daga baya lambarsa ta daina shiga, muka daina jin komai. Inna ba ta taɓa tambaya ba, mu ma ba mu taɓa tayar mata da zancen ba. Sai da ciwo ya kwantar da ita, aka kai ta wurin likita a Damagaram aka dawo da ita ba wani sauƙi, wata rana da la'asar ta kira ni ɗakinta. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta yana fita da ƙyar. Ba ni ta duba ba, bango ta duba.

Ta ce, "Iro, ka san hanya ko?"

Na ce, "Wace hanya, Inna?"

Ta ce, "Hanyar da wancan ya bi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, na kuwa gane. Na bar babur ɗin da nake kabu-kabu da shi a hannun wani abokina, na bar Inna a hannun yayata Rabi, na kama hanya da niyyar in kawo mata ɗanta tun tana da rai.

Ni dai Allah bai yi ni da haƙuri ba, kuma wanda ya saba da babur ba ya iya zama. Wannan tafiya kuwa rabinta zama ne. A Agadas aka tara mu a wani gida ana cewa gobe, goben ta ƙi zuwa. A Arlit ma haka. Ina zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure ranar kasuwa, har wata dattijuwa ƴar Dawce, Baba Hajo, wadda muka taho mota ɗaya, ta ce mini, "Ɗan nan, zauna don Allah, kana sa mini jiri." Da aka tashi kwasar mu aka cusa mu bayan mota, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kar ya faɗo. Kafin iyaka direba ya tsaya ya sauke mu, ya nuna wani dutse can nesa, ya juya motarsa ya tafi. Na ɗauki sauri na wuce kowa, ruwana ya ƙare tun dutsen bai matso ba. Baba Hajo ce ta iske ni zaune a rairayi ina haki, ta ba ni nata na kurɓa, ta ce, "Ka rage sauri. In ka faɗi a nan ba mai ɗaukar ka, tsohuwar taka kuma ta rasa biyu." Na bi bayanta har muka shiga Aljeriya.

A Tamanrasat ne aka yi mini wayo, kuma har gobe in na tuna raina yana ɓaci. Na isa ina tambayar duk wanda na ji yana Hausa, ina kwatanta yayana: dogo, baƙi, mai wushirya. Wani mutum mai suna Ɗanladi, mai fara'a da tsabtar riga, ya saurare ni sarai, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Lawali dogo mai wushirya? Ai abokina ne. Ya je arewa da wani aiki, ran Juma'a zai dawo." Wauta ta hana ni lura cewa abin da na faɗa masa ne ya maido mini. Ya ce kafin Juma'ar in zo in ɗan taɓa aiki a shantiyen maigidansa, wato inda ake gini, in samu wurin kwana. Haka na shiga ɗaukar bulo. Juma'a ta zo ya ce mota ce ta lalace. Wata Juma'ar ya ce an tsare hanya. Zafi ya shigo sosai, fatar kafaɗata ta saluɓe, ni kuwa kullum idona yana ƙofar shantiye.

Wani tsoho mai shayi ne ya ji tausayina. Ya zuba mini shayi ya ce, "Kai wa kake jira?" Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya riga ka ƙanwarsa yake nema, ita ma ran Juma'a za ta dawo. Ɗanladi bai san kowa ba, lebura yake samo wa mai ginin." Ban ƙarasa shayin ba na tashi. Na iske Ɗanladi na ci kwalarsa a gaban mutane, aka yi ta janye ni ina zagi. Da ƙura ta lafa na laluba aljihu, salulata, wato wayata, ta tafi a cikin kokawar. Lambar Rabi kawai ta rage mini, ita ma don tana kaina.

Daga nan na yi ta haurawa arewa da ɗan aikin da na samu. A Gardaya na ari salular wani na kira gida. Rabi ta ce Inna ba ta tashi yanzu, kunu kawai take iya sha. Ta ce, "Ba ta ce komai ba, amma da ta ji ƙarar mota a waje sai ta ce a leƙa." Na mayar wa mutumin salularsa. A garin ne wani Balarabe direban babbar mota, mai ɗaukar dabino, ya gan ni a bakin masallaci ina tsayar da duk motar da ta wuce. Ba na jin Larabcinsa, ba ya jin Hausata, ɗan faransancin da na tsinta a lakkwal, wato makarantar boko, da shi muka lallaɓa. Ya buɗa mini wuri a tsakanin kwalaye ya rufa mini tamfol, duk inda ya tsaya salla ya leƙo ya miƙo mini ruwa da burodi. Da zai sauke ni a gefen Wahran ya tuɓe rigar sanyinsa ya ba ni. Ko sunansa ban riƙe ba, amma ina sa shi a addu'a.

A Wahran na kwana a gine-ginen da ba a gama ba tare da ƴan ƙasarmu, kowa takalminsa a ƙafa saboda masu kamen baƙi. Na bi shantiye-shantiye ina tambaya, amma yanzu na yi hankali, suna kawai nake faɗi in bar mutum ya kwatanta. A haka na gamu da Malam Habu, mutumin Ɗan Barto, yana kwaɓa siminti. Ya jingine shebur ya ce, "Lawali na Matamaye? Mai wushirya, mai ɗingishi?"

Na ce, "Wushirya dai tasa ce, amma yayana ba ya ɗingishi."

Ya ce, "To yanzu yana yi. A gabana ya faɗo daga saman gini, ƙafar ta karye wuri biyu. Ya daɗe a kwance. Ba ku sani ba?"

Sai na tuna kiransa na ƙarshe. Ni na ɗauka. Ya ce ya ɗan ji ciwo a wurin aiki, muryarsa can ƙasa, sannan ya ce abin da bai taɓa cewa ba: "Ba tsohuwarku wayar." Na miƙa wa Inna. Akwai mutane a tsakar gida. Ta kau da kai ta ce, "Ku ce masa na ji, Allah ya ƙara sauƙi," ta tashi ta tafi wurin awakinta. Mu a lokacin ba mu ɗauki abin a bakin komai ba, haka muka saba gani.

Malam Habu ya ce tun da ƙafar ta hana shi hawa gini, Lawali ya koma gadi da ban ruwan shuke-shuke a wani ɗan gari bakin teku, inda masu hali suke da gidaje. Bai san gidan ba. Ya kwatanta mini motar da zan shiga, sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Can ba kamar nan ba ne. Ba Bahaushe, ba cunkoson da za ka ɓuya a ciki. Baƙin mutum daga nesa ake hango shi. Ka je da safe, motar la'asar ta ƙarshe kar ta bar ka." Na ce masa ai ƙaramin gari ne, in na tambayi mutum biyu an gama. Ya dube ni kawai ya ɗauki shebur ɗinsa.

A hanya na fara ganin teku. Mutane suna ta yaba shi, ni dai bai kwanta mini ba. Ruwa ne mai yawa wanda ba a sha, ba a ban ruwan garka ko wani lambu da shi, kuma ba ya zama wuri ɗaya, ya zo ya koma, ya zo ya koma. Kallonsa ƙara mini faɗuwar gaba ya yi, na maida idona kan hanya.

Mota ta sauke ni ni kaɗai, ta juya. Na tsaya ina dube-dube. Gidaje farare, tagogi shuɗaye duk a rufe, katangu dogaye furanni sun zubo ta kansu, titi a share tas. Ba kowa. Na fara zaton ko wani babba ne ya rasu aka tafi jana'iza, ko kuwa an kafa dokar hana fita. Dabarata tun daga gida guda ce: in nemi inda ake zama, gindin bishiya ko teburin mai shayi ko bakin mahauta, in gaisa in tambaya. A Matamaye in baƙo ya sauka a tasha yana neman mutum, kafin ya gama faɗin sunan an samu wanda zai raka shi har zaure. A nan akwai bishiyoyi masu inuwa mai kyau, har da bencuna a ƙarƙashinsu, amma ba mai zama. Ba akuya, ba kaza, ba ƙarar turmi. Takun ƙafata nake ji, da tekun can ƙasa yana ta abinsa.

Da na ga haka na ce to sai sallama. Na tsaya a ƙofar farko na gyara murya na ce, "Salamu alaikum." Shiru. Na ƙara da ƙarfi, na tafa hannu. Wani kare ya amsa mini daga can ciki. Na wuce ta gaba. A wurinmu ko kana gaba da mutum in ya yi sallama sai ka amsa, don haka na ɗauka ba su ji ba ne, na yi ta ƙara murya. Na bi layin nan ƙofa-ƙofa ina kwaɗa sallama, muryata tana bugun katangu tana dawo mini. A jikin kowace ƙofa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai maɓalli, na ɗauka na wutar lantarki ne, ban ko taɓa ba. Ina tsaye a wata ƙofa sai akwatin ya yi magana. Na yi tsalle baya har na kusa faɗawa kwata. Muryar mace ce, da Larabci. Na matsa na ce, "Lawali. Nijar. Lawali." Can sai ga hannu ta saman ƙofa, an miƙo leda da burodi a ciki.

Wallahi ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ni Iro, mai babur ɗin kansa, wanda duk tashar Matamaye ta san shi, yau ni ake miƙo wa sadaka ta saman ƙofa ba tare da an ko ga fuskata ba. Na ɗaga ledar zan jefa musu abinsu. Sai cikina ya tuna mini rabona da abinci tun jiya. Na koma gefe na cinye shi tas, ina ci ina jin haushin kaina.

Ina cikin haka na lura da wani mutum a saman bene, waya a kunne, idonsa a kaina. Na canza layi. Ba a jima ba wata mota ta ratso a hankali ta bakin layin da na baro, irin tafiyar mai neman wani abu. In aka kama ni yau, sai dai in tsinci kaina a bakin iyaka, in koma in ce wa Inna na je har garin da yake na dawo hannu biyu. Allah ya taimake ni aka kira azahar a kusa, na bi muryar da sauri-sauri ba tare da na yi gudu ba.

Ɗan ƙaramin masallaci ne, tsofaffi ne a ciki ba su cika sahu ba. Bayan an sallame kowa ya fita sai ladanin, wani tsoho siriri mai farin gemu. Ya zauna kusa da ni ya tambaye ni da faransanci ko ni ne mai ihu tun safe. Na ce ba ihu ba ne, sallama ce. Ya yi dariya har da tari. Da magana da hannu ya fahimtar da ni cewa yawancin gidajen ba kowa a ciki, masu su sai lokacin zafi suke zuwa shan iska, yanzu kuwa sun koma birni. Waɗanda suka rage tsofaffi ne masu tsoro, kuma wani ya riga ya kira hukuma. Ya nuna mini da yatsa yadda ake danna maɓallin nan a jira. Na ce masa Lawali, na kwaikwayi ɗingishi. Idonsa ya yi haske. Ya ce akwai wani ɗan Nijar mai irin wannan tafiyar, ran Juma'a kawai yake zuwa, ba ya magana da kowa. Bai san gidan ba, amma daga wajen teku yake ɓullowa.

Na zabura zan tashi ya riƙe mini riga. Ya shiga wani ɗan ɗaki ya fito da kwandon cefane, ya zuba albasa da tumatir, ya soka dogon burodi a ciki yadda zai leƙo. Ya karɓi jakata ya ɓoye bayan tabarmi. Ya nuna mini in riƙe kwandon in yi tafiya a hankali, kai a ƙasa, kamar wanda aka aika daga wani gida. Ya sa yatsa a leɓensa. Na gane, wato in rufe bakina.

Haka na gangara wajen teku da kwandon mutane, ina tafiyar da ba tawa ba. Layukan can sun fi na sama shiru. Na danna maɓalli a wasu ƙofofin, ba amsa. Rana ta karkata, na san motar ƙarshe ta kusa, na kuma san in na tafi ba lalle in samu dawowa ba. Na fara yi wa Lawali faɗa a zuciyata: duk faɗin duniya ka rasa inda za ka ɓuya sai garin da ba a amsa sallama. Ina wannan sai na ji wata ƙara, ƙaramar ƙara, ƙwal-ƙwal, iska tana kaɗa ta. Ƙafata ta tsaya tun kaina bai gane ba. Gwangwanaye ne a jikin igiya, irin waɗanda muke ɗaurawa a gona don korar tsuntsaye. Na ɗaga kai. Ta saman wata farar katanga, a tsakanin furannin masu gida, zangarnun gero ne suka leƙo, sun nuna sun sunkuya.

Ban danna maɓalli ba. Na matsa jikin ƙofar na ce a hankali, "Salamu alaikum, masu gida."

Daga ciki aka ce, "Wa alaikumus salam, wane ne?" da Hausa, kafin mai maganar ya tuna inda yake.

Ƙaramar ƙofa ta buɗe. Ya rame, furfura ta fito masa, amma wushiryar tana nan. Ya dube ni, ya dubi kwandon, ya sake duba na.

Ya ce, "Iro." Sai kuma ya ce, "Ta rasu?"

Na ce, "Da ranta na baro ta."

Ya jawo ni ciki ya rufe ƙofar. Ɗakinsa ɗan ƙarami ne a jikin katanga. Gaban gidan duk furannin mai gida ne, amma ta gefe ya samu wani ɗan tsiri ya shuka gero da yakuwa da kuɓewa, ya ce irin a wurin matan Kance na ƙasarmu masu zuwa ci-rani ya samo. Ya ba ni ruwa, ya ɗumama mini shinkafa, ya tambayi Rabi da ƴaƴanta, ya tambayi damina, ya tambayi har wanda ya sayi garkar maƙwabcinmu. Mutum guda ne bai tambaya ba. Da na ga zai ɗauki tiyo ya koma ban ruwa, haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Yaya, na ratso hamada, na yi wa ƙato dakon bulo a banza, yau har sadaka aka ba ni saboda kai. Inna tana kwance ba ta tashi. Ita ta aiko ni. Ka tattara mu tafi."

Ya ce, "Ita ta aiko ka? Me ta ce?"

Na so in ƙara gishiri, amma ya san ta kamar yadda na san ta. Na ce, "Ta ce in bi hanyar da wancan ya bi."

Ya yi ɗan murmushi ya buɗe fanfo. "To ai ka bi. Ka koma ka ce ka ga wancan, yana lafiya."

Na ce, "Haba Yaya, kamar ba ɗan garinmu ba. Ka san al'ada ce."

Ya ce, "Na san al'ada, Iro, a cikinta na girma, ban taɓa jin haushinta ba. Amma ranar nan ina kwance, ƙafata a rataye, likita yana shawarar ko a yanke, ba wanda ke jin harshena a ɗakin. Ba al'ada nake nema ba ranar. Muryarta nake so in ji ko da faɗa ne. Ina ji da kunnena ta ce ku ce masa na ji. Har kukan awakin na ji." Ya juya mini baya yana ba geron ruwa. "Nan ba mai kirana da komai, kuma ba na jiran a kira ni. Ya fi mini sauƙi."

Na gaya masa abin da na sani. Na ce duk ranar da aka ce an sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya, sai Inna ta ce gishirinta ya ƙare, ta yafa mayafi ta tafi tasha, alhali ga mai gishiri a ƙofar gidanmu. Takan tsaya daga nesa har a gama saukowa, ta dawo ba gishirin. Ya ce, "Wannan kai ka gani, ni ban gani ba." Ya ci gaba da ban ruwansa.

Salularsa tana kan taga. Ban nemi izini ba, na ɗauka na danna lambar Rabi. Sai da ta fara shiga tsoro ya kama ni, don rabona da jin gida tun Gardaya, kuma ban san abin da za a gaya mini ba. Rabi ta ɗauka. Na ce, "Ni ne. Tana nan?" Ta ce, "Tana nan, amma tun jiya ba ta cika magana ba." Na ce ta kai mata wayar kunne. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Iro, ɗakin cike yake da ƴan dubiya, har da su Hajiya ta Kurni, dangin Baba." Na ce ko garin ne duka a ɗakin, ta kai mata. Na buɗe muryar wayar yadda Lawali zai ji.

Na ce, "Inna, ni ne Iro. Na same shi. Ga shi nan tsaye."

Shiru. Muna jin Matamaye a cikin wayar: wata tana daka a maƙwabta, babur ya wuce, wata mata tana cewa sannu. Muna jin numfashinta. Lawali bai juyo ba, amma ruwan ya daɗe a gindin gero guda har ya yi tafki.

Na ce, "Inna, ki yi magana mana, don girman Allah."

Ba ta ce komai ba. Na ga kafaɗarsa ta sauka, ya ɗaga tiyon zai matsa gaba. Ni ma na sare, na kai yatsa zan kashe. Sai muryar ta fito, ƙarama, a shaƙe, a gaban duk matan nan.

"Lawali."

Dakan da ake yi bai tsaya ba, amma ɗakin ya yi tsit.

"Lawali, kana ji na?"

Tiyon ya faɗi daga hannunsa. Ya tako da ɗingishinsa ya durƙusa a cikin laka a gaban wayar da ke hannuna, kamar tana zaune a wurin.

Ya ce, "Ina ji, Inna."

Ta ce, "Ƙafar ta warke?"

Ya ce, "Ta warke."

Ta ce, "To ka zo."

Ruwan ya yi ta zuba ba wanda ya tuna da fanfo, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya gangara titin nan mai tsabta. Ni da ban iya zama ba, ranar na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah. Motar ƙarshe ta tafi ba ni.

Sai da ya jira mai gidan ya zo ya karɓi makullinsa, ni kuwa ina ɓoye a ɗan ɗakin ina kallon rufi. Na mayar wa ladan kwandonsa na karɓi jakata. Lawali ya yanke geronsa ya ɗaure ɗan dami, ya ce ba zai bar wa tsuntsayen bakin teku ba. Komowar ma ba sauƙi, kuma duk inda muka tsaya ni ke kiran Rabi, shi kuwa ya tsaya nesa yana kallon bakina.

Mun iske ta da rai. Na riga shi shiga ɗakin, shi ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi sau ɗaya, daga kai har ƙafar, idonta ya daɗe a kan ƙafar. Sannan ta juya fuskarta bango.

Ta ce, "Iro, an ba wancan ruwa?"

Na buɗe baki zan yi magana, don raina ya fara tashi, sai na ga Lawali yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce mini, "Je ka kawo ruwan."

Ta rasu kafin damina, shi ya sa ta a kabari. Ba ta sake faɗin sunan ba har ta tafi. Na taɓa tambayarsa a garka ko abin bai dame shi ba. Bai ɗago daga shukar da yake yi ba, ya ce, "Ai na ji, Iro. Kai da ake kiran sunanka kullum, wanne ka riƙe a ciki?"